Awon da Ke Hannun Malam Kalilu

A bangon shagon Malam Kalilu, can bayan tashar manyan motoci ta Jibiya, akwai doguwar waya da aka ɗaure daga ƙusa zuwa ƙusa, a jikinta kuma zobban tagulla arba'in da uku ne suke rataye. Masu mota bushi suke ce musu. Kowanne a idon sifirin ɗin babbar mota, ƙarfen da ke ɗaukar nauyinta a kan tayoyi, yake zama, sandar ƙarfe ta ratsa ta cikinsa, shi yake shan gugar kaya don kada ƙarfe ya ci ɗan'uwansa. Kowane zobe da ɗan kwali a wuyansa, an rubuta sunan mai motar da ajami. Duk ranar Alhamis bayan la'asar Malam Kalilu kan sauke su ɗaya bayan ɗaya, ya goge da sanfefa mai laushi, ya shafa musu mai, ya mayar. Wanda bai sani ba sai ya rantse jiya aka ƙera su.

Motocin da ke bin hanyar Maraɗi tsofaffi ne, wasu kamfanonin da suka ƙera su ma sun manta da su, balle a sami kayan gyaransu a kasuwa. Shi ya sa shekara talatin da ɗaya direbobi ba su da inda ya wuce wannan shago. Direba zai kira ya ce, "Malam, irin nawa," shi ke nan. Abdulfatah, ɗan ƙanin Malam Kalilu, magidanci mai 'ya'ya uku, shi yake ɗora tagulla a kan injin ya rage ta har ta kusa. Daga nan sai ya matsa gefe. Malam Kalilu ya zo ya zura yatsa a idon sifirin, ya mulmula sandar a tafin hannunsa, ya yi yankan ƙarshe. Ba ya duba lamba, ba ya rubuta komai. Zoben kuwa sai ya zauna daram.

Sai ciwon suga ya sauka a idanunsa. Tun azumin bara yake cewa hazo yake gani, ya fara laluben makunnin injin, ya ɓata tagulla sau biyu a wata ɗaya. Abdulfatah ya yi haƙuri iya haƙuri, daga baya ya sami Inna Adama, matar Malam, ya gaya mata gaskiya. Wani mai shago a Katsina yana nemansa. In har ba a sami yadda zai riƙa gama aiki shi kaɗai ba, bayan babbar sallah zai tafi. Kowa a gidan ya san ma'anar wannan. Ranar da Abdulfatah ya tafi, babu mai tada injin, shagon kuma ya mutu.

Mutmainna tana bayan labule tana jin su. Ita ce 'yar farin Malam Kalilu, kuma a gidansu kunyar ɗan fari ba wasa ba ce. Tunda aka haife ta bai taɓa kiran sunanta ba, bai taɓa zama ya yi hira da ita ba. In ta gaishe shi sai ya amsa yana kallon wani wuri. In yana da magana, ko tana tsaye a gabansa, sai ya ce, "Abdulfatah, ce ma yarinyar nan kaza." Ba ƙi ba ne, ita ma ta sani. Shi ya tsaya kai da fata ta je kwaleji a Katsina ta karanci aikin injiniya lokacin da 'yan'uwa suke ta surutu, shi ya sayo mata kwamfutar tafi-da-gidanka, ya ba Abdulfatah ya miƙa mata da saƙon kada ta bari ruwa ya taɓa. Ita kuma dama mai tsoron magana ce. A aji ma in ta san amsa, sai ta rubuta a gefen littafi ta jira wani ya faɗa.

A kwalejin sun koyi wata manhaja da ake gina siffar abu a cikinta, da tsawonsa da faɗinsa da kaurinsa, a juya shi a kalle shi ta kowane gefe kamar yana hannu. Abin da ya fi burge ta a ciki shi ne jadawalin awo. Malaminsu ya ce musu in abubuwa kamarsu ɗaya, girma ne kawai ya bambanta, wauta ce mutum ya zana kowanne daban. Ka gina guda ɗaya, ka raɗa wa kowane awo nasa suna, ka buɗe jadawali a haɗe da shi. Kowane layi ka cike, manhajar za ta haifa maka ƙanensa. Ranar da ta ji maganar Abdulfatah, wayar nan ta bangon shago ta faɗo mata a rai. Zobe ɗaya ne, sau arba'in da uku.

Ranar Juma'a ana rufe shago tun hantsi har a sauko daga masallaci. Ta roƙi Abdulfatah mabuɗi. Kowace Juma'a sai ta saka hijabinta ta bi ta bayan layin masu faci, ta shiga ta turo ƙofa, ta sauke zobe shida ko bakwai. Tana da ma'auni mai baki biyu da ke nuna lamba a ɗan gilashi. Kowane zobe sai ta auna shi sau uku, saboda ba ta yarda da kanta ba: faɗin waje, faɗin rami, tsawo, kaurin leɓe. Ta duba ko yana da 'yar hudar maiko ko babu. Ta karanta ajamin da ke kwali a hankali, ta mayar da komai, ta fita kafin a fara dawowa. Juma'a bakwai ta yi a haka.

A gida ta gina zoben guda ɗaya. Ta buɗe jadawalin, ta jera sunayen awo a sama, ta jera sunayen masu motoci a gefe. Lado Mazanya, Inusa mai shanu, Yahya Ɗan Isa, Arzika. Gidan hudar maiko ta rubuta masa a kunna ko a kashe. Da ta rufe jadawalin sai ga sunayen duk sun fito a jere a gefen allo. Ta taɓa Lado, zoben ya gajarce ya yi ƙiba. Ta taɓa Arzika, ya miƙe ya yi siriri, hudar maiko ta ɓullo a gefensa. Takardar zanen da za a ba mai yanka ita ma ta canja lambobinta da kanta. Mutmainna ta rufe baki da hannu. Ta yi ta taɓa sunayen tana kallon zoben yana kumbura yana sacewa kamar mai numfashi, har tuwon da aka ajiye mata ya huce.

Sau biyu ta ɗauki kwamfutar ta nufi zaure inda Baba yake zama. Sau biyu tana tsayawa a bakin ƙofa, ta ji tarinsa, ta juyo. Me za ta ce? Ta ina za ta fara? Daga ƙarshe Abdulfatah ta nuna wa.

Ya daɗe yana kallo, ya sa ta taɓa sunaye kusan goma. "Ikon Allah. Wato in Inusa ya kira, ki dangwala Inusa, takarda ta hito?"

"Ta fito, Yaya. Kai kuma ka yanka daidai lambar, ba sai an jira kowa ba."

"Kin tabbata da lambobin?"

"Sau uku-uku na auna."

"To ni dai ki ba ni lamba, ko gashin sauro ne zan cire miki shi." Ya yi dariya, rabonta da jin dariyarsa an kwana biyu. "Kin ga ke nan Katsina ta yi asarar ƙwararre."

Ta roƙe shi ya gaya wa Baba. Washegari ya kawo mata amsa. Ya ce ya gaya masa yarinyar nan ta sa aikin shago cikin kwamfuta, Baba ya ce Allah ya yi albarka. Iyakar maganar ke nan. Mutmainna ta riƙe ta kamar an ba ta kyautar zinariya.

Saura kwana ashirin da shida babbar sallah, ran Litinin, washegarin kasuwa, Inna Adama ta raka Malam Kalilu asibitin ido a Katsina tun da sassafe. Da hantsi sai ga Arzika. Mutumin Maraɗi ne, dogo mai faɗin murya, ya fi shekara ashirin yana kawo aiki shagon, kuma duk abin da ya faɗa a tasha kafin azahar ya kai kunnen kowane direba. Motarsa na can cike da masara, sifirin ɗin baya yana ƙara tun daga Bugaje. Ya sa an kwance uwar sifirin, wato dogon ƙarfen da idon yake a bakinsa, 'yan dako biyu suka turo ta a baro har ƙofar shago, sandar kuma tana hannunsa naɗe a tsumma.

Abdulfatah ya aika gida, Mutmainna ta zo da kwamfuta da takardar da ta riga ta buga.

"A'a, wagga ita ce ɗiyar Malam da munka ji labari?" in ji Arzika. "Injiniya, ina kwana? An ce kin saka kamyona, motar nan tawa, cikin ordinatar, wato kwamhutarki. To ki tura shi Maraɗi ta nan mana, mu huta da 'yan duwan masu tare kaya a iyaka."

"Ina kwana, Baba Arzika," ta ce a hankali, tana kallon ƙasa.

"Tsohon fa?" in ji Arzika.

"Ya je ganin likita," in ji Abdulfatah. "Amma aikinka ba zai kwana ba. Zauna ka sha shayi ka ga zamani."

Guntun tagullar da ya rage a shagon na zobe biyu ne. Abdulfatah ya manna takardar a jikin injin da ɗan maiko, ya tada. Ya rage, ya auna, ya rage, ya auna. Da ya kai inda ya saba matsawa gefe, sai ya ɗan tsaya, ya waiwayi bencin Baba da babu kowa a kai, sannan ya ci gaba. Ya ciro zoben yana ɗaukar ido, ya miƙa wa Mutmainna. Ta auna. Ko ɗigo bai kauce wa takarda ba.

Arzika ya warware tsumma ya zura sandar a ciki. Ta shige ba tare da ta taɓa ko'ina ba. Ya girgiza, aka ji ƙwal-ƙwal-ƙwal kamar cokali a kofi. Ya laluba aljihu ya ciro tsohon zoben da aka cire daga motar da safe, baƙi ƙirin, ya haɗa su baki da baki ya ɗaga su sama yana leƙawa. Ramukan kusan ɗaya ne.

"Injiniya," ya ce, "ai kin iya aiki. Kin ƙera mini tsoho sabo hul."

'Yan dakon suka kwashe da dariya. Abdulfatah bai yi ba. Ya dubi takardar, ya dubi bango, ya dubi Mutmainna.

"Ke, wai na bangon nan kika auna?"

"Ai su ne samfur, Yaya."

"Su ne gawa! Waɗanda aka ciro daga mota ne bayan sun cinye. Baba yana ajiye su ne don ya tuna yadda kowace mota take cin nata."

"Amma suna ƙyalli..."

"Goge su yake yi! Duk Alhamis, ba ki gani?"

Ba ta gani. Ran Alhamis tana gida, ran Juma'a take zuwa ta tarar da su suna walƙiya. Ba layin Arzika kaɗai ba ne. Layi arba'in da uku, Juma'a bakwai, awo sau uku-uku, duk matattu ta jera.

"Ka san na bango nake aunawa," ta ce. "Kai ka ba ni mabuɗi."

"Na ɗauka kwamfutar tana ƙara abin da ya cinye! Ke ce mai karatu, ni zan koya miki?"

"To, to," in ji Arzika, ya ajiye kofin shayi. "Ku bar faɗan gida sai na tahi. Ni dai kahin la'asar nake son in ƙetare, kun san hanyar nan ba a yi mata yamma."

Mutmainna ta share ido da gefen hijabi ta karɓi sandar. Ai jadawalin bai lalace ba, ta gaya wa kanta, lamba ce kawai ba daidai ba, amfaninsa ke nan, gida ɗaya za a canja. Ta auna sandar a kai, ta auna a tsaka, ta auna a gindi. Lamba uku daban-daban. Ta juya ta kaɗan ta sake aunawa, wasu ukun suka fito. Sandar ta sha hanya, ta zama kamar rake, nan kauri nan siranta. Jadawalin kuwa gida ɗaya ya tanada wa faɗin rami. Ta zaɓi mafi girma a cikin lambobin, ta ƙara ɗan sararin da littafinsu ya ce a bar wa maiko, ta rubuta a layin Arzika. Zoben da ke allo ya tsuke bakinsa nan take. Babu lokacin zuwa buga takarda, sai ta karanta wa Abdulfatah lambobin da baki, sau biyu.

Ya ɗora guntun tagulla na ƙarshe. Wannan karon kukan injin kawai ake ji da na ragunan da ake saukewa a tasha. Da ya gama, Arzika ya zura sandar. Ta shiga a hankali, ta juya sumul, ba ƙara.

"Yawwa! Ashe ɗiyar kifi ba a koya mata iyo."

Mutmainna ta saki numfashi. Aka kwantar da uwar sifirin a kan gungume, Abdulfatah ya saita zoben a idon, ya ɗora katako ya buga. Ya shiga da ƙyar, don idon ya daɗe da barin da'ira, ya zama kamar ƙwai. Sai aka kawo sandar. Ta shiga rabin yatsa ta tsaya. Idon ya matse zoben, ramin ya ragu. Abdulfatah ya shafa maiko ya buga a hankali. Ya ƙara ƙarfi. A bugu na huɗu aka ji ƙas, siririyar tsaga ta bi zoben daga leɓe har gindi.

A daidai lokacin mai a-daidaita ya tsaya a ƙofar shago. Inna Adama ta fito ta riƙo hannun Malam Kalilu, da 'yar ledar magani a ɗaya hannun. Mutmainna ta dubi fuskar uwarta sau ɗaya, ba ta buƙaci tambayar abin da likita ya ce ba. Inna ta zaunar da shi a benci ta wuce gida.

Arzika ya durƙusa ya gaishe shi, ya ba shi labari duka, har da tsoho sabo ful, amma wannan karon bai yi dariya ba. "Malam, ba sai ka tada inji ba. Tagulla a samo ko wurin masu walda. Kai dai ka taɓa, ka hwaɗa ma yaran nan inda za su tsaya."

Aka fitar da fasasshen zoben, aka jawo uwar sifirin gabansa. Malam Kalilu ya zura yatsa a idon ya zagaya. Ya karɓi sandar ya mulmula a tafinsa. Ya sake zura yatsa. Ya canja hannu. Mutmainna ba ta taɓa jin ya canja hannu ba, ko a labarin Abdulfatah. Aka yi ta jira.

"Arzika," ya ce daga ƙarshe, "tahi Maraɗi. Akwai wani Bashir bayan babbar kasuwa, hannunshi ba laihi."

"Haba Malam. Shekara ashirin..."

"Tahi tun da rana."

Arzika ya miƙe a hankali. Ya naɗe sandarsa a tsumma, ya sa 'yan dako suka ɗaure uwar sifirin a bayan babur, ya kira wani babur ɗin don kansa. A bakin ƙofa ya juyo kamar zai yi wani barkwancin, sai kawai ya ce, "Allah ya ƙara sauƙi," suka tafi. Mutmainna ta san kafin su kai shingen farko labarin ya zaga tasha.

Ta tsaya a jikin bango, ƙarƙashin zobban, kwamfuta a ƙirjinta. Tsoro bai bar ta ba, amma wani abin ya fi shi ƙarfi.

"Yaya," ta ce, da ƙarfin da ita kanta ya ba ta mamaki, "ka ce wa Baba akwai gyara. Zan ƙara gida ɗaya a jadawalin, gidan ƙarin da yake yi. Duk motar da ta zo, shi ya taɓa, ya ce a rage ko a bari, ni kuma in auna in rubuta. Kafin sallah mu sami ko goma ne. Ba sai ya gani ba, hannu kawai."

Abdulfatah ya buɗe baki zai maimaita, kamar yadda aka saba. Malam Kalilu ya ɗaga hannu.

"Abdulfatah, je ka yi alwala, ka jira ni masallaci."

Da ya fita, ya rage daga ita sai shi. Mutmainna ta yi niyyar bin bayansa, don ba ta taɓa zama ita da Baba su biyu a ɗaki ba.

"Ke," ya ce. "Zo nan."

Ta zo ta durƙusa nesa kaɗan. Fuskarsa tana fuskantar ta, ko da yake idanun sun ɗan kauce gefe.

"Na san ana taɓa zobban nan. Ran Asabar in na zo, sai in ji ƙamshin man shafawa a kwalayen. Na san ke ce. Na ce ko aikin makaranta ne. Na so in tambaya. Da na tambaya, da kalma ɗaya ta isa."

"Ni ma na zo ƙofar zaure, Baba. Sau biyu."

"Na ji takunki."

Hawaye suka zubo mata, ta bar su. "Ba komai, Baba. Yanzu sai mu fara. Kai ka taɓa, ni in..."

Ya miƙo hannayensa biyu, tafin a sama, ya ajiye a gwiwa. Hannaye ne masu kanta, da tabon ƙuna sabo a babban yatsa.

"Kin ga wanga? Kohin shayi ne, shekaranjiya. Sai da na ji ƙauri na san na ƙone. Ciwon bai tsaya ga ido ba. Tun kahin azumi yatsun nan suka hwara mutuwa, kamar na sa safa. Tagullar da na ɓata, kowa ya ce ido ne, na bar su a haka. Ido ai ban taɓa aiki da shi ba." Ya juya hannun. "Yanzu da na sa yatsa a sifirin ɗin Arzika, wallahi ban san ko rami ne ko bango ba."

"Amma ka tuna. Ka san na Arzika nawa kake ƙarawa, na Lado nawa."

"Ban taɓa sanin nawa ba. In ya kai, hannu ke ce mani ya kai. Kuma na bara ba shi ne na bana ba, mota kullum ci take yi."

Ya laluba ƙarƙashin benci ya jawo wani guntun tsohon sifirin da ake dogara ƙofa da shi. "Kawo hannunki." Ta miƙa. Ya kama yatsanta manuni ya zura a idon, ya zagaya da shi a hankali, sau ɗaya, sau biyu. Ba ta jin ya taɓa riƙe hannunta kafin yau.

"Mi kika ji?"

Ta rufe ido ta yi iya ƙoƙarinta. Ta so ƙwarai ta ji wani abu.

"Ƙarfe, Baba. Da sanyi."

"Haka na ce ma maigidana ranar farko. Shekara tara na yi kahin ya bar mani yankan ƙarshe." Ya sake ta. Aka kira sallah a masallacin tasha. "Abdulfatah shekararshi shida nan. Da na sa hannunshi a rami tun ranar da ya zo, da yanzu ya kusa. Na ce sai ya ƙara hankali. Kullum ina cewa akwai lokaci."

A kwanakin da suka rage mota biyu ce kawai ta kawo aiki. Ɗaya Abdulfatah ya yi sa'a bayan ya ɓata guda, ɗayar mai ita ya gaji da jira ya kwashe kayansa. Mutmainna ta ƙara gidan nan a jadawalin duk da haka, ta sa masa suna ƙarin Baba, ta haɗa shi da faɗin rami yadda duk abin da aka rubuta zai ragu daga ciki. Ya yi aiki sarai. Ta gwada da lambar ƙarya, zoben ya tsuke. Ta goge, ta cike gidajen arba'in da uku da sifiri.

Kwana biyu bayan sallah Abdulfatah ya zo sallama. Ya durƙusa a zaure ya daɗe, Malam Kalilu ya sa masa albarka, ya ce ya ɗauki ƙaramin akwatin kayan aiki. Kafin ya tafi ya shafe injin da mai ya lulluɓe shi da tamfol. Wayar Malam ta ci gaba da ƙara na 'yan makonni, "Malam, irin nawa," yana ba su sunan Bashir na Maraɗi. Daga baya ta daina.

Har yanzu yakan so a kai shi shago da safe, Mutmainna ce take riƙe masa hannu. Bai kira sunanta ba, ita ma ba ta sa rai ba. Yakan zauna a benci, ita ta zauna a ƙasa da guntun sifirin ɗin nan a cinya, tana zagaya yatsa a ciki, motoci suna wucewa ta bakin titi zuwa iyaka. Zobban bango sun fara dusashewa, don ya bar goge su.

"Yau mi kika ji?"

"Kamar gefen nan ya fi zurfi, Baba. Ko kuma ban sani ba."

"Wane gefe?"

Ta kama hannunsa ta kai wurin. Ya bar yatsansa a ciki ɗan lokaci, sannan ya zare.

"Wataƙila," ya ce. "Jawo ƙofar mu tahi, rana ta yi."